Kaifin Ido da Daɗin Wasa: Nasiha ga 'Ya'yana Masu Buga Gem

Ya ɗana, ya 'yata,

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a wajen matasanmu masu buga gem, a gidajen gem na unguwa da kuma kan wayoyin da ke hannunku, kuma yana damuna. Za ka ga yaro ya zauna gaban allo, bai ma gama gyara riƙon hannun gem ba ya fara jero laifuffuka: ciyawar filin ba ta yi kama da ta gaske ba, fuskar ɗan wasa ta karkace, na bara ya fi wannan. Sai ya shafe awa biyu ko murmushi bai yi ba, ya tashi rai a ɓace, gobe kuma ya dawo ya biya kuɗi ya sake zama. A gefensa ga wani, shi kuma duk abin da aka miƙa masa haɗiyewa yake yi. Kamfani ya ce saya, ya saya. Ya ce ƙara, ya ƙara. In ka ce masa wasan nan yana da matsala, ka zama maƙiyinsa. Dukansu biyu nawa ne. Na fara riƙe hannun gem tun zamanin Sega da PlayStation ta farko, na kuwa ga inda kowace hanya cikin biyun nan take kai mai binta.

Ba zan ce ku bar wasa ba. Kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya, mu ma mun yi langa a dandali har dare ya raba, kuma zuciyar da ba ta hutawa ba ta daɗewa tana aiki. Ba zan ce kuma ku rufe ido ba. Abin da nake so ku gane shi ne kaifin ido yana da lokacinsa. Mai sayen doki a kasuwa yake buɗe bakin dokin ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Ranar hawan sallah kuwa, in ya hau, sai sukuwa. Ba ya tsayawa a tsakiyar fili ya sauko don ya sake ƙirga haƙora. Yawancin matsalar da nake gani ita ce kun juya abin: lokacin saye kuna rufe ido, lokacin wasa kuma kuna buɗe shi har ya hana ku sakewa.

Mu fara da lokacin saye, domin nan ne asara ta fi ciwo. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland ya yi shekaru yana tallata wasan Cyberpunk 2077. Tun 2012 aka sanar da shi. Aka yi ta sakin bidiyoyi masu ɗaukar ido, aka saka fitaccen jarumin fim Keanu Reeves a ciki, buri ya hauhawa har mutum kimanin miliyan 8 suka biya kuɗinsu tun wasan bai fito ba. Ranar 10 ga Disamba 2020 ya fito. Masu kwamfuta mai ƙarfi sun samu abin bugawa, amma masu PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda ba su da halin sayen sabuwar na'ura, sun gamu da takaici: wasan yana sanƙarewa, yana mutuwa da kansa, motoci da mutane suna ɓulla suna ɓacewa a kan titi. Abin da ya fi ɓata rai shi ne kafin fitowarsa na kwamfuta kaɗai kamfanin ya ba masu sharhi su gwada. Kimanin mako guda da fitowarsa Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, ta buɗe ƙofar mayar wa mutane kuɗinsu, bai kuwa koma ba sai a watan Yunin 2021. Daga baya an gyara shi, ya zama wasa mai kyau, amma wanda ya yi haƙuri ya same shi a gyare kuma a farashi mai sauƙi, wanda ya yi gaggawa ya biya kuɗi cikakke ya sayi ɓacin rai.

Wannan shi ne cinikin biri a sama. Manyan wasanni yanzu sun kai dala 70, kai ma ka san abin da wannan yake nufi in aka juya shi zuwa naira ko sefa. Saboda haka, ɗana, kada ka biya kuɗin wasan da bai fito ba, komai kyawun tallarsa. Ka bari ya yi mako ɗaya ko biyu a hannun mutane. Ka nemi bidiyon wanda yake buga shi a kan irin na'urarka ko irin wayarka, domin ita za ka yi amfani da ita. Ka tambaya ko yana buƙatar intanet kullum, da kuma yawan datar da zai cinye kafin ya sauka. A nan ina so ka zama mai tsananin bincike, ba na jin kunyar faɗa maka haka.

Wuri na biyu da nake so idonka ya zama tar ya fi na farko haɗari, domin shi a ɓoye yake cikin wasan da aka ce kyauta ne. Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile, duk za ka sauke su ba ka biya ko sisi ba. To ina kamfanin yake samun kuɗinsa? A wajen lu'ulu'u da kuɗin cikin wasa da akwatunan sa'a. A wasan ƙwallon kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA kafin ya koma EA Sports FC a 2023, akwai sashen Ultimate Team inda za ka sayi ƙunshin katuna ba ka san wane ɗan wasa ne a ciki ba. Ka biya, ka buɗe, ka samu wanda ba ka so, zuciya ta ce maka na gaba ne zai zo da babban ɗan wasa. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta binciki irin waɗannan akwatuna ta yanke cewa sun faɗa ƙarƙashin dokar caca, kuma a farkon 2019 EA ta daina sayar da kuɗin cikin FIFA a ƙasar. Hukuma ce ta Turawa ta faɗi haka; mu da muka tashi da sanin hukuncin caca a addini da al'ada ai bai kamata a riga mu ganewa ba. Na ga samarin da kuɗin koyon sana'arsu ya ƙare a wannan rami, ɗari biyar yau, dubu gobe, ba su taɓa jin sun yi babban kashi ba sai da suka waiwaya.

Haka nan kyautar shiga kullum, da agogon da yake ƙirga maka sauran lokaci kafin garaɓasa ta wuce, da saƙon da yake tashinka cewa abokanka sun wuce ka. Mutane ne masu ilimi suka zauna suka tsara su don ka kasa ajiye wayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka larurar jarabar gem a kundin cututtukanta a 2019, kuma alamomin da ta ambata a fili suke: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illar. In ka ga kana buɗe wasa saboda tsoron kada wani abu ya wuce ka, alhali daɗin ya tafi tuntuni, ka tsaya ka tambayi kanka wa yake juya wani tsakaninku. In sallah tana wucewa, ko aiken mahaifiya yana jira, amsar ta riga ta fito.

Yanzu bari in juyo gare ka, kai mai yawan suka, domin ciwonka ya fi wuyar ganewa. Kana ɗauka wayewa ce. Amma in na saurare ka da kyau, sau da yawa ba maganarka nake ji ba, ta wani mai sharhi a YouTube ce ka haddace. Ka yanke wa wasa hukunci tun ba ka taɓa shi ba, sannan in ka zauna bugawa sai ka shiga farautar hujjar da za ta gaskata abin da aka faɗa maka. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kai kuwa ka bar ji ya kori gani.

Dubi abin da ya faru da The Last of Us Part II, wanda ya fito ranar 19 ga Yuni 2020. Wasa ne da yake ɗaukar fiye da awa 20 kafin a kai ƙarshensa. Amma cikin 'yan sa'o'i da fitowarsa dubban mutane sun cika shafin Metacritic da maki mafi ƙasƙanci, lokacin da babu yadda za a yi a ce sun gama shi. Wani ɓangare na labarin ne ya fita kafin lokaci, suka ji, suka fusata, suka yanke hukunci. Har sai da shafin ya kafa dokar jiran awa 36 bayan fitowar wasa kafin a bar jama'a su ba da maki. Akwai waɗanda suka buga shi har ƙarshe ba su so shi ba, kuma suna da haƙƙin hakan, dalilansu ma abin saurare ne. Amma wanda ya ƙi abin da bai ɗanɗana ba, kansa ya cuta, domin ya rufe wa kansa ƙofar sanin ko da zai so shi.

Maki kansa ma kada ka ɗauke shi wahayi. Wasan Fallout: New Vegas na 2010 ya samu 84 a Metacritic, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shi, Chris Avellone, ya bayyana daga baya cewa kamfaninsu ya rasa ƙarin ladan da aka yi masa alkawari saboda sharaɗin shi ne 85. Maki ɗaya tak. Yau kuwa ana lissafa wasan cikin waɗanda masoya suka fi ƙauna a irinsa. Lamba ba ta iya ɗaukar abin da mutum yake ji a ransa. Kuma ka tuna halin da mai sharhi yake ciki daban yake da naka. Shi sana'arsa ce. Yana gama wannan wasa a gurguje don ya riga wasu fitar da bidiyo, ga wani yana jiransa. Abin da ya gundure shi saboda ya gan shi a wasanni da yawa, kai wataƙila yau ka fara ganinsa. Yana da wuta dare da rana da intanet mai gudu, don haka bai damu ya gaya maka ko wasan yana tafiya ba tare da data ba, ko yana ajiye inda ka tsaya in an ɗauke wuta, alhali a wajenka waɗannan sun fi kyawun inuwa da hasken ruwa muhimmanci. Sannan akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba: bidiyon fushi ya fi jawo masu kallo, masu kallo kuma su ne kuɗin. Wanda abincinsa yake fitowa daga ɓacin rai ba zai rasa abin ɓacin rai ba ko wane mako. Ka saurare shi ka ɗauki abin amfani, amma kada ka ari fushinsa ka shigo da shi ɗakinka.

Maganar kyawun hoto kuwa, ta cinye muku daɗi mai yawa. Ana ta musu a kan ko hoto 30 ne yake wucewa a daƙiƙa ko 60, ko gumin ɗan wasa ya fito sosai. Ilimi ne mai amfani, musamman ga mai zaɓen na'ura. Amma wasan maciji da Nokia ta fara sakawa a wayoyinta a 1997 ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe a kan ɗan ƙaramin allo, ya kuwa hana manya da yara barci. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, tubala ne kawai suke faɗowa, har yau ana buga shi. Minecraft da komai nasa yake murabba'i ya haura kwafi miliyan 300 a 2023. Mu da muka buga wasannin ƙwallo na Winning Eleven da PES na da, ko sunayen ƙungiyoyi na gaskiya babu: Manchester United ita ce Man Red, Arsenal ita ce North London, kuma a sashen Master League da su Castolo da Minanda ake farawa, 'yan wasan da ba su taɓa wanzuwa ba. Duk da haka ihun da ake yi in an zura ƙwallo a minti na 90 har maƙwabta suna ji. Daɗin yana cikin yadda ƙwallo take amsa yatsanka, da abokin da ke gefenka, da dokar wanda aka ci ya tashi. Wannan daɗin yana nan har yanzu a wasanninku, in kun bar shi ya iso gare ku.

Ga abin da nake ba ka shawara. In ka riga ka yi bincikenka ka sayi wasa, ka ba shi amana na ɗan lokaci. Ka kashe sharhin kowa. Ka buga shi a kan sharaɗinsa, ka bar shi ya nuna maka abin da ya zo da shi. In wani abu ya ba ka dariya ka yi dariya, in ya tsorata ka ka tsorata, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Bayan ka gama, ko ka kai inda ka ƙoshi, sai ka zauna ka yi tunani: me ya riƙe ni, a ina na gaji, me ya sa? A lokacin ne karanta ra'ayin wasu yake da daɗi, domin ka zo da naka a hannu, za ku yi musayar fahimta. Nazarin da ya biyo bayan wasa yana ƙara masa armashi, har ka ga hikimar da ba ka lura da ita ba a karon farko, ka koma ka sake bugawa.

In za ka yi suka kuma, ka koyi raba abu biyu: abin da ya lalace da abin da bai dace da kai ba. Lokacin da Konami ta saki eFootball 2022 a ƙarshen Satumbar 2021 da fuskoki a murɗe da 'yan wasa masu gudu hannu a baya, wannan lalacewa ce, kamfanin da kansa ya fito ya ba da haƙuri. Amma Elden Ring na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a 2022 ya kuma lashe kambun wasan shekara, da gangan aka yi shi da wuya, a kashe ka sau da yawa kafin ka koyi lagon abokin gaba. In ba ka da haƙurin wannan, ba laifinka ba ne, ba kuma laifin wasan ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Cewa "ba irin nawa ba ne" magana ce ta mai hankali, kuma ta fi "wasan banza ne" kusa da gaskiya a mafi yawan lokuta.

Kai kuma mai kare kamfani, so ya hana ka ganin laifi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. No Man's Sky ya fito a 2016 babu abubuwa da dama da aka sa rai, jama'a suka yi ƙorafi, ƙaramin kamfanin Hello Games na Ingila ya duƙufa shekara da shekaru yana ƙara gyara kyauta har ra'ayin mutane ya juya. Da kowa ya yi shiru don ƙauna, da wuya a kai nan. Sai dai a wannan labarin akwai abin kunya: shugaban kamfanin, Sean Murray, ya sha barazanar kisa. Haka Laura Bailey, wadda ta ara wa wata jaruma murya a The Last of Us Part II, ta nuna wa duniya saƙonnin barazana da aka aika mata saboda abin da jarumar ta aikata a cikin ƙagaggen labari. Ɗana, ko da sunan ɓoye kake rubutu, tarbiyyar gidanku ce take magana. Ka faɗi abin da ya lalace, ka kawo dalili, ka bar mutuncin mutane.

Wannan ladabin ya fi wajaba a kan na kusa da kai. Ƙanenka yana buga Dream League a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, yana murna ya sayi sabon ɗan gaba, sai ka leƙa ka ce wannan ai ba gem ba ne. Me ka ƙara masa? Ka karɓe abin da yake da shi, ba ka ba shi PlayStation 5 ba. Ke ma 'yata, na san ana ce miki Candy Crush ko wasan gina gida ba wasa ba ne, wai sai mai harbi ko ƙwallo. Kada ki saurara. Abin da ya ba ki nishaɗi bayan gajiyar makaranta da aikin gida, bai kuma ci kuɗinki ko lokacin ibadarki ba, ya cika aikinsa. In kuma harbin ko ƙwallon kike so, ki karɓi hannu ki buga, ki yi sharhinki da bakinki.

Akwai wani irin kaifin ido da nake so ku riƙe ko a tsakiyar jin daɗi, shi ne lura da yadda ake nuna mu. Resident Evil 5 na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 2009, an gina labarinsa a wani ƙagaggen yanki na Afirka, kuma tun daga bidiyon tallarsa aka yi ta muhawara a kan hoton Bature yana harbin tarin baƙaƙen fata da cuta ta haukata. Wasan yana da daɗin bugawa, musamman mutum biyu tare. Za ka iya jin wannan daɗin kuma ka san cewa Afirkar da aka zana maka ta idon baƙo ce, ƙura da cuta da rikici. Zuciya tana iya ɗaukar biyun. Abin da ba na so shi ne ka haɗiye hoton har ka fara ganin garinku da shi.

Wasu kuwa ba su tsaya a ƙorafi ba. A birnin Yawunde na Kamaru, Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o Games sun yi fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari har suka fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, wasan da sarki da sarauniyarsa da tufafinsu da duniyarsu suka samo asali daga al'adun Afirka. Sun fara ne a matsayin yara masu son wasa, sannan suka koyi kwance shi su ga yadda aka ɗinka. Mu ma muna da dambe da kokawa da hawan daba da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, duk kayan gina wasa ne. In kana jin idonka ya iya gano laifin wasa, ka gwada shi a aiki. Manhajar Godot kyauta ce, tana kuma tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Ka fara da ƙaramin abu, ko dara ce ta mutum biyu. Ka ba ƙannenka su buga, ka zauna a bayansu ka yi shiru, ka rubuta inda suka yi dariya da inda suka ajiye, sannan ka koma ka gyara.